"A GARINMU HAKA MUKE YI": TARIHIN AL'ADA A GABAN ALƘALI

Rubutun yau dogo ne, a yi haƙuri a bi ni a hankali.

Tun da guguwar fita waje ta taso, labari ɗaya ke ta dawowa a nan Facebook: hukuma ta karɓe wa wani ɗan Najeriya 'ya'ya a Ingila saboda ya zane yaro, ko 'yan sanda sun tafi da wani a Kanada saboda ya ɗaga wa matarsa hannu. Nan take sai a rabu gida biyu. Wasu su ce Turawa ba sa girmama al'adarmu. Wasu su ce in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma nemi taka ka ɗaura. Ni ba lauya ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai son karance-karancen tarihi, amma na ga ya dace mu san cewa wannan gardama ta girme mu. Kotuna sun shafe shekara sama da 70 suna fama da ita, kuma wani babban ɓangare na tarihinta a ƙasarmu aka rubuta shi.

Tambayar ita ce: idan baƙo ya aikata abin da dokar masaukinsa ta kira laifi, ya ce wa alƙali "a garinmu haka muke yi", alƙali ya saurare shi? In ya saurara, har ina?

ƘOFOFI UKU

Da farko, babu wani sashe a dokokin Ingila ko Amurka ko Faransa da ya ce al'ada kariya ce ga mai laifi. Asalin ƙa'idarsu shi ne rashin sanin doka ba uzuri ba ne. Amma lauyoyi sun gano ƙofofi uku da al'ada ke shigowa ta cikinsu. Ta farko niyya: mafi yawan laifuffuka ba sa tabbata sai an nuna mutum ya yi nufin ɓarna, to sai lauya ya ce wanda nake karewa bai ɗauki abin a matsayin cutarwa ba. Ta biyu tunzurawa: a ce abin da aka yi masa, a wurin mutanensu, ya isa ya gusar da hankali. Ta uku sassauci: laifi ya tabbata, amma a duba inda ya fito a rage masa hukunci. Ku riƙe waɗannan ƙofofi uku, don duk shari'o'in da zan kawo ta ɗaya daga cikinsu suka bi.

KAFIN MU JE MUSU, SU SUKA FARA ZO MANA

A zamanin mulkin mallaka abin a juye yake. Baƙo ne ya zo da dokarsa, ɗan gari kuma shi ke cewa "a nan haka muke yi". Turawan Ingila suka bar kotunan alƙalai da na sarakuna suna aiki, bisa sharaɗin cewa za a bi al'ada muddin ba ta saɓa wa abin da su Turawan suka kira adalci da lamiri ba. Wato su ne ke riƙe da ma'aunin.

A 1945 wata shari'a daga Gwalkwas, Ghana ta yau, ta kai har gaban kotun ƙoli ta ƙasashen da Ingila ke mulka, a Landan. Wani mai suna Kwaku Mensah ya harbe mutum bayan faɗa ya kaure da dare tsakanin 'yan ƙauyensu da wasu fatake baƙi, shi ma an ji masa rauni. Alƙalan suka mayar da hukuncinsa daga kisan ganganci zuwa kisan da aka yi cikin tunzura, suka ce a auna shi da yadda talakan ƙauye na Afirka ta Yamma zai ji, ba yadda Baturen Landan zai ji ba. A ido wannan adalci ne. Amma ku duba cikinsa da kyau: akwai tunanin cewa baƙar fata ya fi saurin fusata, hankalinsa ya fi saurin gushewa. Ragi ne da aka naɗe cikin raini. Wannan matsala za ta sake fitowa nan gaba.

Shekara biyu bayan nan, 1947, sai ga shari'ar Tsofo Gubba da En'en Gwandu. Ya kashe mutumin da ke neman matarsa, kotun Sarkin Gwandu ta same shi da kisan ganganci bisa fiƙihun Malikiyya, ta yanke masa kisa. Kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, don a dokar Turawa tunzurawar da aka yi masa ta isa ta sauko da laifin. Sarakuna da alƙalan Arewa ba su ji daɗi ba ko kaɗan. Taƙaddamar da ta biyo baya tana cikin dalilan da suka sa gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, wanda aikinsa ya haifar da dokar Final Kod da ta fara aiki a 1960.

Amma Turawan ba kowace al'ada suke karɓa ba. A 1954 wani Muhammadu Gadam ya kashe wata tsohuwa da fartanya, yana mai imanin mayya ce, ita ta jawo wa matarsa ɓari da ciwo. Kotu ta yarda cewa da gaske ya yi imani da hakan, ta kuma yarda mutanen yankinsa ma haka suka yi imani, amma ta ce imanin da hankali ba zai ɗauka ba ba ya wanke kisa. Aka tabbatar masa da hukunci. To kun ga, tun a lokacin an fara ja layi: a fahimci zuciyarka daban, a halatta maka jinin wani daban.

'YAN NAJERIYA BIYU A KOTUNAN LANDAN

Bayan samun 'yanci sai tafiya ta juya, mu muka fara zuwa can karatu da aiki. Biyu daga cikin shari'o'in da ɗaliban lauya a Ingila ke karantawa har gobe a kan wannan batu namu ne.

Ta farko ta Bahaushe ce, ana kiranta shari'ar Alhaji Mohamed da Knott, an yanke ta a 1968. Ya auri yarinya 'yar shekara 13 a Najeriya, ya kusa ninka ta a shekaru, ya tafi da ita Landan inda yake karatu. Likitan da aka kai ta wurinsa ya sanar da hukuma, kotun yara ta ba da umarnin a raba ta da shi a ba hukuma riƙonta. Da aka ɗaukaka ƙara, babban alƙalin Ingila na lokacin, Lord Parker, ya soke umarnin. Hujjarsa ita ce auren ya inganta a inda aka ɗaura shi, kuma ƙaramar kotun ta yi kuskure da ta auna rayuwarsu da ma'aunin gidan Bature. Duk wanda yake ganin zai iya dogaro da wannan shari'a a yau, to ya sani ruwa ya daɗe da wucewa ƙarƙashin gadar. Tun daga watan Fabrairun 2023, a Ingila da Wales ba a aure sai an cika 18, kuma shirya wa yaro ko yarinya aure ƙasa da haka laifi ne, ko da a gida aka ɗaura ba a je rajista ba.

Ta biyu ta wata Bayarabiya ce, Misis Adesanya, a 1974. Ta ɗauki reza ta yi wa 'ya'yanta maza biyu, ɗan shekara 14 da ɗan shekara 9, tsagen gado a kumatu. Mu da muka tashi muna ganin bille da kalangu da 'yar baka a fuskokin iyayenmu, mun san ba ƙiyayya ce ta sa ta ba. Aka gurfanar da ita a babbar kotun laifuffuka ta Old Bailey, aka same ta da laifin ji wa yara rauni. Alƙalin ya ce al'ada ba ta wanke ta, amma tunda ba ta san laifi ba ne, ya sallame ta ba ɗauri ba tara, ya kuma gargaɗi na baya cewa ba za su sami wannan rangwame ba. A ganina wannan alƙali ya kusa gano bakin zaren: ya rufe ƙofar halattawa, ya buɗe ta sassauci. Abin sha'awa, shekara 29 bayan nan Najeriya da kanta, a dokar kare haƙƙin yara ta 2003, ta hana yi wa yaro tsaga.

AMURKA: SHEKARU BIYAR DA SUKA TADA ƘURA

Sunan da ake kiran wannan kariya da shi a yau, wato kariyar al'ada, a Amurka ya yi fice. A 1965 ƙasar ta sauya dokar shige da fice, baƙi daga Asiya suka ƙaru, bayan yaƙin Biyetnam kuma 'yan gudun hijira suka kwararo. Shari'o'i uku tsakanin 1985 da 1989 su ne ginshiƙin duk muhawarar.

A watan Janairun 1985, wata 'yar Japan mai suna Fumiko Kimura, da ta ji mijinta ya daɗe yana cin amanarta, ta ɗauki 'ya'yanta biyu, ɗan shekara 4 da jaririya 'yar wata 6, ta shiga teku da su a Santa Monica ta jihar Kalifoniya. Aka ceto ta, yaran suka rasu. Dubban mutane, yawancinsu 'yan asalin Japan, suka sa hannu a takardar roƙo, suna cewa a can an san irin wannan, uwa kan ga barin 'ya'yanta marayu ya fi tafiya da su muni. An fara tuhumarta da kisan ganganci, daga baya aka sauko da tuhumar bisa shaidar likitocin ƙwaƙwalwa. Aka yanke mata shekara ɗaya, wadda ta riga ta yi a tsare, da shekara biyar ta jeka-ka-gyara-halinka. A lura, ko a Japan abin da ta yi laifi ne. Kuma ta fi shekara goma a Amurka, ba sabuwar zuwa ba ce.

A wannan shekarar dai, a garin Fresno, wani saurayi ɗan ƙabilar Hmong daga ƙasar Laos, Kong Moua, ya ɗauke wata budurwa 'yar ƙabilarsu daga makarantarta ya kai ta gidan danginsa. Ta kai ƙarar sata da fyaɗe. Shi kuma ya ce auren kamu ne irin nasu, inda ake sa ran amarya ta yi ta turjiya don a san tana da kunya, saboda haka bai ɗauki "a'a" ɗinta da gaske ba. Aka janye manyan tuhume-tuhumen, ya amsa laifin tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, ya sami ɗaurin da bai wuce wata huɗu ba da tarar dala 1,000. To ita fa? Ita ma ai Hmong ce, kuma ita ta kira 'yan sanda. Al'adar wa aka bi, tasa ko tata?

Ta uku ita ta fi zafi. A watan Satumban 1987, a unguwar Brooklyn ta birnin New York, wani ɗan China mai suna Dong Lu Chen ya fasa kan matarsa Jian Wan da guduma, makonni bayan ya san tana tare da wani. Bai fi shekara guda da zuwa ƙasar ba. Lauyansa ya kawo wani farfesan nazarin al'adu, Burton Pasternak, ya shaida cewa a China cin amanar aure babban abin kunya ne ga miji da zuriyarsa, kuma a ƙauye da jama'a sun tsawata masa kafin ya kai ga kisa, amma a New York ba shi da kowa. Masu gabatar da ƙara ba su kawo nasu masanin da zai musanta ba. A 1989 Alƙali Edward Pincus ya same shi da ƙaramin laifin kisa, ya ba shi shekara biyar ta jeka-ka-gyara-halinka. Ban da zaman jiran shari'a, bai ƙara kwana a gidan yari ba.

Ƙungiyoyin mata 'yan Asiya a New York suka yi ca. Masu kula da gidajen fakewar matan da ake duka suka ba da labarin cewa mata sun firgita, don saƙon da maza suka ɗauka shi ne a nan ma ana iya yi a sha. Masana 'yan asalin China suka ce hoton da farfesan ya zana ba China ta lokacin ba ce, kuma dokar China kanta ba ta yafe kisan mata. Wato an sayar wa alƙali tsohuwar tatsuniya a matsayin al'ada, ya saya. Kun tuna rainin da na ce yana ɓoye a shari'ar Kwaku Mensah? Ga shi ya dawo: su waɗannan mutanen haka suke, ba za su iya riƙe kansu ba.

Daga nan masana suka kasu. Wata maƙala a mujallar shari'a ta Jami'ar Harvard a 1986 ta goyi bayan a amince da kariyar a hukumance. Leti Volpp ta yi dogon nazari a kan shari'ar Chen, ta nuna yadda aka shafe matar daga labarin gaba ɗaya, kamar ba ita aka kashe ba. Alison Renteln kuma, a littafinta na 2004, ta ce a saurari shaidar al'ada amma a yi mata tambayoyi uku: da gaske mutumin ɗan wannan al'umma ne? Da gaske al'ummar tana da wannan al'ada? Da gaske al'adar ce ta motsa shi a lokacin? Da an yi wa Chen tambaya ta biyu da gaske, da wuya ya tsallake.

LOKACIN DA ƘOFA TA FARA RUFEWA

A Turai batun kaciyar mata ne ya sauya lissafi. Faransa ta shafe shekaru tana gurfanar da iyaye 'yan Afirka ta Yamma, yawanci a yi musu ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka, don lauyoyi kan ce iyayen so ne ya sa su, ba mugunta ba. A watan Fabrairun 1999 wata kotu a Paris ta ɗaure Hawa Gréou, 'yar Mali, shekara 8 saboda yi wa 'yan mata 48 kaciya, aka kuma hukunta iyaye sama da ashirin. Wa ya kai ƙara? Budurwa ce 'yar asalin Mali da aka yi wa tana ƙarama. Hawa kuma bayan ta fito ta koma cikin masu yaƙi da kaciyar. Ingila ta haramta ta a 1985, Nijar a 2003, Najeriya a dokar hana cin zarafi ta 2015. Wanda zai ce wa alƙalin Turai "a garinmu haka muke yi" a kan wannan, garin nasa ma ya riga ya hana.

Sai labarin da ya kamata duk mai shirin tafiya Ingila da yara ya sani. A watan Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar Kodebuwa, Victoria Climbié, mai shekara 8, ta rasu a Landan a hannun 'yar'uwar kakanninta da ke riƙonta da saurayin matar. An ƙirga tabo da rauni 128 a jikinta. Likitoci sun gan ta, 'yan sanda sun gan ta, ma'aikatan kula da yara sun gan ta. Binciken da Lord Laming ya jagoranta, wanda ya fito a 2003, ya gano cewa da aka ga yarinyar tana ƙamewa a gaban matar kamar soja, an fassara shi da ladabin gidan baƙar fata, ba a ga tsoro ba. Wato gudun kada a ce an raina al'ada yana cikin abin da ya rufe wa mutane ido. Bayan wannan rahoto aka yi dokar yara ta 2004, aka tsaurara aikin. Saboda haka idan malamar makaranta ta ga shatar bulala a bayan ɗanka ta ɗaga waya, ka sani akwai kabarin yarinya baƙar fata a bayan wannan wayar.

Har tunzurawar da Chen ya fake da ita, Ingila ta toshe ta: dokar 2009 ta ce cin amanar aure shi kaɗai ba ya zama dalilin rage laifin kisa. A Jamus kuma, a 2007, wata alƙaliya a Frankfurt ta hana wata mata 'yar asalin Maroko saurin rabuwa da mijin da ke dukanta, wai a al'adarsu ba baƙon abu ba ne. Ƙungiyoyin Musulmin Jamus suna cikin waɗanda suka yi tir da ita, aka cire ta daga shari'ar.

INDA DOKA TA RUSUNA

Kada a ɗauka kullum baƙo ne ke sunkuyawa. A 1976 majalisar Ingila ta yi doka ta musamman ta yafe wa mabiya addinin Sikh sa hular kwano a kan babur saboda rawaninsu. Dokar hana yawo da wuƙa ta 1988 ta ba da uzuri ga wanda ya ɗauka don addini, abin da ya ba su damar rataya 'yar wuƙarsu ta ibada. Yankan Musulmi da na Yahudawa yana da gurbinsa a dokar mayanka. A 2012 wata kotu a birnin Kolon na Jamus ta ce yi wa yaro namiji kaciya ji masa rauni ne, a shari'ar wani yaro Musulmi ɗan shekara 4. Musulmi da Yahudawa suka haɗa kai suka yi magana da murya ɗaya, kafin shekarar ta ƙare majalisar Jamus ta yi dokar da ta halatta.

Ku lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, duk waɗannan a majalisa aka same su, da tsari da haɗin kai. Ba a bakin wanda ake tuhuma bayan ɓarna ta auku ba. Na biyu, a mafi yawansu babu wani da ke kuka yana cewa an zalunce shi.

ABIN DA NA FAHIMTA

In ka jera shari'o'in nan ka tambayi wa ya biya kuɗin rangwamen, amsar kusan ɗaya ce: matar Chen, budurwar Fresno, 'ya'yan Kimura, Victoria, tsohuwar da Gadam ya kira mayya. Babu Bature ko ɗaya a cikinsu. Duk 'yan gida ne, mata da yara da tsofaffi. Idan alƙali ya rage wa baƙo hukunci don al'ada, abin da yake faɗa wa matar baƙon shi ne jininki bai kai na maƙwabciyarki Baturiya ba. Wannan ba girmama mu ba ne.

Amma kuma toshe kunne gaba ɗaya shi ma zalunci ne. Baƙo ko da ido makaho ne. Uwar da ta yi tsaga don ɗanta ya san gidansu ba ɗaya take da mai yanka yaro don mugunta ba, kuma alƙalin da bai san bambancin ba bai san abin da yake hukuntawa ba. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin wannan. Suna karɓar uzurin jahilci daga wanda ya musulunta kwanan nan ko ya tashi a daji nesa da malamai, a abin da zai yiwu ya ɓoyu gare shi. Suna kuma cewa al'ada abar hukunci ce da ita, amma da sharaɗin kada ta ci karo da nassi. Ba su taɓa cewa al'ada tana halatta jini ko cutarwa ba. Matsayata ke nan: al'ada ta shigo kotu a matsayin mai bayani, ta faɗi abin da ke zuciyar mutum, ta roƙa masa sassauci in ya cancanta. Amma kada ta hau kujerar alƙali. Kuma in za a ji ta, a ji ta daga bakin wanda aka cuta ma, ba daga bakin mai laifi da farfesan da ya ɗauko kaɗai ba.

Kafin mu nuna wa Turawa yatsa, mu leƙa gida. Sashe na 55 na Final Kod ta 1960 ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa, muddin bai yi mata mummunan rauni ba, kuma al'adarsu ta yarda da hakan. Abin da lauyoyin Amurka ke ta wahalar shigarwa ta taga, mu an rubuta mana shi baƙi da fari a kundin doka. Dokar 2015 ta haramta dukan abokin zama, jihohi da dama sun karɓe ta, amma je ka ofishin 'yan sanda ka ji sau nawa ake ce wa mace "maganar gida ce, je ki yi haƙuri". Haka nan mu ma muna da baƙi: 'yan gudun hijira, makiyaya masu tsallaka iyaka, 'yan kudu a Sabon Gari, mu kuma a Sabo ta Ibadan da zango-zangon Kumasi da Accra. Ma'aunin da muke so a auna mu da shi a Landan, shi ya kamata mu riƙe a Kano da Maradi.

Ga masu shirin tafiya, shawarata guda uku ce. Ka karanta dokar yara da ta iyali ta inda za ka kafin ka sayi tikiti, don ko a cikin Birtaniya ba ɗaya ba ce: Scotland ta hana dukan yaro kowane iri tun 2020, Wales tun 2022, Ingila kuma ta bar wata 'yar ƙofa ƙarama wadda bulala ko duk abin da ya bar shata ba ya shiga cikinta. Suwidin tun 1979 ta hana. Na biyu, bizar da ka karɓa alƙawari ce cewa za ka bi dokar masu gari, mu kuma an san mu da cika alƙawari. Na uku, in akwai abin da ka ga dokarsu ta takura wa addininka ko al'adarka ba tare da haƙƙin kowa ba, to ku haɗu ku bi hanyar da Sikh suka bi, ku nemi gyara tun kafin a kama wani.

Lauyoyin da ke cikinmu, musamman waɗanda suka yi aiki a kotunan Arewa, ina son jin yadda alƙalanmu ke ɗaukar sashe na 55 a yau. 'Yan'uwa na waje kuma, ku faɗa mana abin da kuka gani da idonku. Allah Ya tsare mu da iyalanmu a gida da daji, Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu.